Kangon da Sinawa suka ƙi sake ginawa



Makon jiya malaminmu na tarihi ya ɗora min gabatar da takarda kan Yuanmingyuan, lambun sarakunan Sin da ke gefen Beijing. Na karɓa ina ƙunƙuni, don wallahi ko sunan ban iya faɗa ba. Amma tun da na karanta, abin ya tsaya min a rai.

A zamanin Sarki Kangxi aka fara gina shi, farkon ƙarni na 18, jikansa Qianlong ya faɗaɗa shi har ya kai kimanin hekta 350: tafkuna, fadoji, ɗakunan littattafai. Har da agogon ruwa mai kawunan dabbobi 12 na tagulla, kowanne yana feso ruwa na awa biyu.

A Oktoban 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawushe shi. Sannan wakilin Ingila, Lord Elgin, ya sa aka cinna masa wuta, a matsayin ramuwa kan mutanensu da aka azabtar a tsare har wasu suka mutu. Kwana uku yana ci.

Ga inda jikina ya yi sanyi fa. Abin da wuta ta rage, bayan 1900 'yan ƙasa ne suka ƙarasa shi. Manyan sojoji da 'yan kasuwa suka yi ta jidar katako da duwatsu, manoma suka mai da wurin gonakin shinkafa.

A 1988 aka buɗe shi ga jama'a. An gyara tafkuna da haikalin Zhengjue, inda aka ajiye kan dokin nan da ya koma gida a 2020. Bakwai cikin kawunan sun koma Sin, biyar har yau shiru. Amma karyayyun ginshiƙan an bar su yadda suke. Wasu na son a maido da ginin, wasu sun ce kangon shi ne shaida, in an shafe shi an shafe laifin.

Da na gama, wata 'yar ajinmu 'yar Edo ta tuno da tagullolin Benin da Ingila ta kwashe a 1897. Ni kuwa ganuwar Kano ce ta faɗo min, wadda ba baƙo ne ke haƙar ƙasarta yana gini a kanta ba.

To ku fa, gyara ya fi, ko a bar kango ya yi magana?