Tarihin John Gurdon, Shugaban Masu Binciken Tohuwar Jiki



Kai da kake nan ƙasar Matameye, ka san yadda ake dashen rake a fadama. Kara ake yankawa gaɓa-gaɓa, a binne. Kowace gaɓa mai ido sai ta fid da saiwa, ta fid da ganye, ta zama rake cikakke. Haka rogo yake. Haka kututturen kalgo da na sabara: ka sare su da rani, kafin damina sun toho. Ƙadangare ma in wutsiyarsa ta guntule, wata takan fito masa.

To, ɗan Adam fa? In lauje ya cire wa mutum yatsa, rauni yakan warke, amma yatsa ba ta dawowa. Wannan al'amari ya daɗe yana damun masana. Yau zan ba ka tarihin wani mutumin Ingila da ya yi shekara fiye da 60 yana bin diddigin irin wannan tambaya, har ya zama shugaban masu bincikenta. Daga tarihinsa za ka gane aikin irin wannan shugaba.

Tubalin jiki

Da farko ga abin da ya kamata ka sani. Jikin mutum, da na dabba, da na itace, duk an gina su da wasu ƙananan abubuwa, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ana ce musu ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin nan mai ƙara girman abu, irin na asibiti. Kusan kowace ƙwaya tana da ɗan ƙwallo a tsakiyarta, kamar ƙwallon magarya. A cikin ƙwallon nan Allah ya ajiye bayanin yadda jiki zai kasance. Ka ɗauke shi kamar littafi mai shafi da yawa.

Kowannenmu daga ƙwaya ɗaya tak ya fara a cikin uwarsa. Ta rabu biyu, biyu ta zama huɗu, har suka yi yawa. Wasu suka zama fata, wasu ƙashi, wasu hanji. Sai masana suka yi tambaya: ƙwayar da ta zama hanji, ta yar da sauran shafukan littafin ne? Ko kuwa tana riƙe da shi duka, shafin hanji kaɗai take karantawa?

A shekarar 1952 wasu masana biyu a Amurka, Robert Briggs da Thomas King, suka fara gwada wannan a jikin kwaɗo. Daga baya suka ga cewa in ƙwaya ta ɗan girma, gwajin ba ya yi. Don haka mutane da yawa suka ɗauka shafukan sun ɓace ke nan.

Yaron da ya zo na ƙarshe

An haifi John Gurdon a Ingila cikin shekarar 1933. Yana ɗan shekara 15, a makarantar Eton, aka yi musu jarrabawar ilmin halittu. Yara 250 ne, shi ya zo na ƙarshe. Malaminsa ya rubuta a takardar sakamako cewa burin yaron na zama masani abin dariya ne, koya masa kuma ɓata lokaci ne.

Gurdon bai yar da takardar ba. Ya shiga jami'ar Oksfod, ya koma karatun dabbobi. A can ya faɗa hannun wani babban malami mai suna Michail Fischberg. Malamin ya ba shi aiki: ya sake gwajin nan na mutanen Amurka, amma da wani irin kwaɗon ruwa na kudancin Afirka.

Ga yadda ya yi. Ya ɗauki ƙwan kwaɗo, ya kashe ƙwallon da ke cikinsa da wani irin haske. Sa'an nan ya ciro ƙwallo daga hanjin talibambam, wato ɗan kwaɗo mai wutsiya, ya sa shi cikin ƙwan da siririyar allurar gilashi. Malaminsa yana da wasu kwaɗi masu alama a ƙwallonsu, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbobinsa shaida. Da wannan alama ake gane cewa abin da ya fito daga sabon ƙwallon ya fito.

Sau 726 ya yi wannan aiki. Guda 10 ne kawai suka zama talibambam masu lafiya. Amma goman nan sun isa shaida. Ashe ƙwallon hanji yana riƙe da littafin duka, tun da ya gina ido da kai da wutsiya. Ya buga wannan labari a 1962.

Kada ka zaci an tafa masa nan take. Manya suka ce, yaya za a yi ɗalibi ya ƙaryata malamai? Bai yi jayayya da baki ba, ya koma ga aikinsa. A 1966 ya nuna cewa irin waɗannan talibambam sukan girma su zama kwaɗi har su hayayyafa. A 1975 shi da abokan aikinsa suka sami talibambam daga ƙwallon fatar babban kwaɗo. Sannu a hankali masu shakka suka yarda.

Aikin shugaba

Gurdon ya koma garin Kambirij. Shi da wasu masana suka kafa wata cibiyar bincike wadda aka buɗe a 1991, ya shugabance ta har 2001. A 2004 aka sa mata sunansa.

To, me shugaban masu bincike yake yi? Ka dubi maigida a gandu, za ka gane.

Na farko, shi yake zaɓen gonar da za a nome, wato tambayar da za a bi. Ka ga yadda Fischberg ya zaɓa wa Gurdon. In tambaya ba ta da amfani, wahalar shekaru ta tafi a banza.

Na biyu, shi yake nemo iri da kayan aiki. Bincike yana cin kuɗi: ga madubi, ga abincin dabbobi, ga albashin ma'aikata. Shugaba ne yake rubuta takardu yana neman taimako daga gwamnati da ƙungiyoyi.

Na uku, shi yake horon samari da 'yan mata, har su ma su kafa nasu gandun. Ɗaliban Gurdon da yawa sun zama shugabanni a wasu wurare.

Na huɗu, shi yake auna amfanin gona, ya faɗi gaskiya. In an gwada sau 726 aka sami 10, to 10 ɗin zai rubuta, ya kuma bayyana yadda aka yi, don wani ya sake gwadawa ya gani.

Bayan haka, maigidan kirki ba ya ajiye hauya. Gurdon ya wuce shekara 80 yana zama gaban madubi, yana huda ƙwan kwaɗo da hannunsa.

Abin da aka girba

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasu shugabanni a wasu ƙasashe suka ɗora a kan aikinsa. A 1996, a ƙasar Sikotilan, ƙungiyar Ian Wilmut ta sami tunkiya mai suna Dolly daga ƙwallon hantsar wata tunkiya, bayan gwaji 277.

A 2006, a birnin Kiyoto na ƙasar Japan, Shinya Yamanaka da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi suka gano abu huɗu da in an sa su cikin ƙwayar ɓera wadda ta riga ta girma, sai ta koma ɗanya, ta iya zama kowane sashe na jiki. A 2007 suka yi haka da ƙwayar fatar mutum. Shi Yamanaka a 1962 aka haife shi, wato shekarar da Gurdon ya buga labarin kwaɗinsa. A 2012 aka ba su babbar kyautar Nobel su biyu tare. Shekara 50 ke nan cif bayan aikin kwaɗo.

A 2014, a birnin Kobe na Japan, ƙungiyar wata likita mai suna Masayo Takahashi ta ɗauki fatar wata tsohuwa mai ciwon ido. Suka mayar da ƙwayoyin fatar na ido, suka dasa mata. Ganinta bai ƙaru ba, amma bai ci gaba da raguwa ba. Su ma haka suka faɗa, ba su ƙara gishiri ba.

Ka kula da wannan, mai karatu. Har yau ba wanda ya iya tsirar wa mutum yatsa ko ƙafa. Aikin yana nan ana yi. Saboda haka in wani ya zo kasuwa da kwalba ko gari, ya ce yana sabunta ƙwayoyin jiki, yana warkar da kowace cuta, ka riƙe kuɗinka. Ka tafi asibiti ka tambayi likita tukuna.

Gurdon ya rasu a watan Oktoba na 2025, yana da shekara 92. Takardar nan ta malaminsa kuwa, ya sa ta cikin gilashi ya rataye a ɗakin aikinsa. In gwaji ya ƙi, yakan dube ta, sa'an nan ya sake gwadawa.

Kai ma wataƙila an taɓa ce maka ka yi girma da karatu, ko kanka ba ya ɗauka. Ga shi yau ka karanta wannan tarihi daga farko har ƙarshe. In ka zo ajin yaƙi da jahilci, ka karanta wa wanda bai iya ba tukuna, ku tattauna. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.