Asalin Kalma: Salansa

A garejin bakanike a Mubi, ko a bakin masu Keke Napep, kalmar salansa ba ta ɓuya. Aro ce daga Turancin Ingila, inda "silencer" ke nufin abin da ke kashe ƙara. Harshen Bahaushe ya sassauta ta, ya mai da ita mace, shi ya sa muke cewa salansar mota.

A wurin Bature, sunan tukunyar nan ne kaɗai da ke rage rugugin fetur idan ya fashe a cikin inji. Mu kuwa mun ba wa bututun gaba ɗaya wannan suna, tun daga gindin inji har bakin da hayaƙi ke fita. Mai cewa "salansata ta fashe" ƙara ce ta dame shi. Mai cewa "salansa ta ƙone ni" zafin ƙarfen yake nufi, irin tabon da babur ke bar wa ƙwauri.

Bakanike kuma hayaƙinta yake karantawa. Baƙi na nuna fetur ya yi yawa, shuɗi-shuɗi kuma inji na shan baƙin mai.

A cikin salansar motocin zamani akwai wata matata mai ramuka-ramuka, wadda makanikai ke kira indomi. Motocin Amurka sun fara ɗaukarta a 1975. Ƙarafa masu tsada da ke jikinta, irin su filatinam, su ke rage gubar hayaƙin. Wanda ya cire ta ya sayar, mutanen unguwa ne za su shaƙi abin da take tacewa.