Lambar Yabo da Kuɗin Tallafi a Binciken Magungunan RNA: Wanne Ke Riga Wanne?

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi tarihin bincike biyu a fagen magungunan da aka gina kan sinadarin RNA, ta kwatanta shekarar da aka gano abu, da shekarar da aka karrama masu shi, da shekarar da magani ya isa hannun marar lafiya. Abin da ya fito shi ne, lambar yabo kan zo ne bayan mai bincike ya riga ya haye lokacin da ya fi buƙatar kuɗi.

1.0 Gabatarwa

Nau'in RNA da ake kira mRNA ɗan aike ne a cikin ƙwayar halitta: yakan kwafi umarni daga DNA ya kai inda ake ƙera furotin. Wanda ya iya sarrafa wannan saƙo zai iya sa jiki ya ƙera furotin da ake buƙata, ko ya hana shi ƙera mai cutarwa.

2.0 Karikó da Weissman

Katalin Karikó ta bar Hungari zuwa Amurka a 1985, ta koma Jami'ar Pennsylvania a 1989. Shekara da shekaru tana rubuta takardun neman tallafi kan mRNA, ana mayar mata da su. A 1995 jami'ar ta rage mata matsayi, kasancewar a tsarin Amurka darajar mai bincike tana rataye ne da kuɗin da ya jawo wa ma'aikatarsa. Masu tantance takardun ba su rasa hujja ba: idan aka sa mRNA na ɗakin gwaji a jikin dabba, garkuwar jiki kan ɗauke shi maƙiyi ta tayar da kumburi. Sai dai wannan ita ce matsalar da ake neman kuɗin warwarewa.

A 2005 ita da Drew Weissman suka wallafa a mujallar Immunity cewa sauya ɗaya daga tubalan RNA, wato uridine, da siga mai ɗan bambanci yana kwantar da wannan martani. Da ƙyar aka waiwayi takardar. Karikó ta koma kamfanin BioNTech a Jamus a 2013. Sai bayan rigakafin korona na Pfizer da Moderna, wanda aka gina kan wannan dabara, ya fito a ƙarshen 2020 kyaututtuka suka yi ta zuwa: Lasker a 2021, sannan Nobel a 2023, mai kuɗi kurona miliyan 11 na Suwidin. Shekara 28 ke nan bayan rage mata matsayi. A mahangar tallafi, wannan ihu ne bayan hari.

3.0 Fire da Mello

Nan lamarin ya juya. Andrew Fire da Craig Mello sun nuna a 1998, a jikin wata 'yar tsutsa, yadda RNA mai igiya biyu ke toshe bakin ƙwayar gado. Nobel ta same su a 2006, cikin shekara 8 kacal. Kamfanoni suka zuba jari, amma kai maganin cikin ƙwayar halitta ya gagara, har Roche ya janye daga fagen a 2010. Maganin farko na wannan rukuni, patisiran na kamfanin Alnylam, sai a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi.

Abin da ya cece shi ɗan ƙunshin kitse ne da ke rufe RNA har ya isa hanta, fasahar da Pieter Cullis da abokan aikinsa a Vancouver suka daɗe suna gyarawa. Irin ƙunshin ne kuma ya ɗauki mRNA na rigakafin korona. Dokar Nobel ba ta yarda a raba kyauta ɗaya ga fiye da mutum uku ba, kuma a 2023 mutum biyu aka kira. Sunan Cullis bai fito ba.