Shuaibu Amodu: Kocin Da Ya Kai Najeriya Gasar Cin Kofin Duniya Sau Biyu Bai Je Ko Ɗaya Ba

Shuaibu Amodu, wanda ya rayu daga 1958 zuwa 2016, ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne kuma mai horar da 'yan wasa, yana kuma cikin 'yan Najeriya da suka fi samun nasara a wannan aiki. Ya ci kofuna da ƙungiyar BCC Lions ta Gboko da kuma El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, sannan ya riƙe tawagar ƙasa ta Super Eagles sau da dama. Abin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne ya samar wa Najeriya gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, amma duka biyun an sauke shi daga muƙaminsa 'yan watanni kafin a fara gasar.

Asalinsa da zamanin wasansa

An haifi Amodu a ranar 18 ga Afrilu, 1958. Ɗan asalin garin Okpella ne da ke arewacin jihar Edo ta yanzu. A zamanin da yake taka leda ɗan wasan gaba ne, ya kuma yi wa ƙungiyar Dumez da Niger Tornadoes ta Minna wasa. Bai daɗe a fagen ba, domin karayar da ya samu a ƙafa ta tilasta masa ajiye takalmi da ƙuruciyarsa. Wannan karaya ce ta tura shi aikin horarwa da wuri, har ya ci babban kofinsa na farko yana ɗan shekara 31.

Gboko da kofin nahiya

Sunansa ya fara fitowa ne a BCC Lions, ƙungiyar kamfanin siminti na Benuwai da ke Gboko. A 1989 ya jagorance ta ta ci kofin ƙalubale, gasa mafi daɗewa a ƙwallon Najeriya, wadda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna. Wannan nasara ta ba ƙungiyar damar shiga gasar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ke shirya wa ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu a wancan lokaci.

A 1990 BCC Lions ta ɗauke wannan kofi bayan ta doke Club Africain ta Tunisiya da ci 4-1 a jimillar wasa biyu. Ita ce ƙungiyar Najeriya ta uku da ta ci kofin, bayan IICC Shooting Stars ta Ibadan a 1976 da Rangers ta Enugu a 1977. A 1991 Amodu ya sake kai ta wasan ƙarshe, sai dai Power Dynamos ta Zambiya ta yi galaba a kanta.

Zamansa a Maiduguri

Daga Gboko Amodu ya koma Maiduguri, inda ya karɓi El-Kanemi Warriors. An kafa ƙungiyar a 1986, an kuma raɗa mata suna ne don tunawa da Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi, malamin da ya riƙe ragamar Borno a farkon ƙarni na 19. Ƙungiyar ta ci kofin ƙalubale a 1991 bayan ta doke Kano Pillars. A 1992, ƙarƙashin Amodu, ta kare kofin nata a wasan ƙarshe da Stationery Stores ta Legas, wadda ita ce zakaran gasar lig ta wannan shekara.

Cin kofin sau biyu a jere ya sa sunan Maiduguri ya shiga sahun garuruwan ƙwallo, a lokacin da ƙungiyoyin Legas da Ibadan da Enugu da Benin suka fi mamaye kofunan ƙasar. Girman abin ya ƙara bayyana daga baya, domin sai da aka yi shekara 32 kafin kofin ya sake komawa Borno. A 2024 ne El-Kanemi Warriors ta sake cin sa, bayan ta doke Abia Warriors da ci 2-0 a Legas, a hannun koci Aliyu Zubairu.

Bayan Maiduguri Amodu ya koma BCC Lions, wadda ta haɗa kofin lig da na ƙalubale a 1994. Ya horar da Shooting Stars, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 1996, inda Zamalek ta Masar ta doke ta a bugun fenariti a Alƙahira. Ya kuma yi aiki da Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu da Sharks ta Fatakwal.

Karon farko a Super Eagles

A 1994, bayan gasar cin kofin duniya da aka yi a Amurka, kocin nan ɗan ƙasar Holan, Clemens Westerhof, ya bar aiki, aka miƙa wa Amodu tawagar da ke riƙe da kofin Afirka a lokacin. A watan Nuwamba na shekarar ya jagorance ta a wasan sada zumunci da Ingila a filin Wembley, inda Ingila ta ci 1-0. A watan Janairun 1995 ya kai ta gasar Kofin Sarki Fahad a Riyad. Najeriya ta doke Japan da ci 3-0, ta yi canjaras babu ci da Ajantina, sannan ta ƙare a matsayi na huɗu bayan Meziko ta doke ta a bugun fenariti.

Gurbin 2002

A watan Afrilun 2001 Najeriya na gab da rasa gurbin gasar cin kofin duniya da Koriya ta Kudu da Japan za su karɓi baƙunci. Saliyo ta doke ta da ci 1-0 a Freetown, Laberiya ta su George Weah ce ke saman rukuni, aka kuma rabu da koci Jo Bonfrere. Aka kira Amodu, tare da Stephen Keshi da Joe Erico a matsayin mataimaka, saura wasa uku. Ya ci dukkansu ba tare da an zura wa Najeriya ƙwallo ko ɗaya ba: Laberiya 2-0 a Fatakwal, Sudan 4-0 a Omdurman, da Ghana 3-0 a Fatakwal. Najeriya ta wuce Laberiya da maki ɗaya kacal. Da haka Amodu ya zama ɗan ƙasa na farko da ya samar wa Najeriya gurbi a gasar, domin na 1994 da na 1998 baƙi ne suka kammala aikin.

A gasar cin kofin Afirka ta Mali, a farkon 2002, Senegal ta fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe da ci 2-1 bayan ƙarin lokaci. Najeriya ta doke mai masaukin baƙi da ci 1-0 ta zo ta uku. A watan Fabrairu aka sallami Amodu da mataimakansa, aka naɗa Festus Onigbinde, wanda ya ajiye wasu manyan 'yan wasa, ciki har da Sunday Oliseh da Finidi George. A gasar ta duniya Ajantina da Suwidin suka doke Najeriya, ta yi canjaras da Ingila, ta dawo gida da maki ɗaya.

Gurbin 2010

A watan Afrilun 2008 aka sake kiransa bayan tafiyar Berti Vogts ɗan Jamus. Najeriya ta buga wasannin neman gurbi 12 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Duk da haka sai a ranar ƙarshe, 14 ga Nuwamba, 2009, aka san makomarta: ta doke Kenya da ci 3-2 a Nairobi, inda Obafemi Martins ya ci biyu, Yakubu Aiyegbeni ya ci ɗaya, a daidai lokacin da Mozambik ta doke Tunisiya da ci 1-0 a Maputo.

A gasar Afirka ta Angola, cikin Janairun 2010, Ghana ta fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe da ci 1-0, Najeriya kuma ta doke Aljeriya ta sake zuwa ta uku. Masu suka sun ce salon wasan tawagar ba ya ƙayatarwa, kuma ba zai kai ta ko'ina a gaban manyan ƙasashe ba. Masu goyon bayansa sun ce sakamako ake nema wurin koci, shi kuma ya kawo. A watan Fabrairu hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta sauke shi, ta ɗauko Lars Lagerbäck, tsohon kocin ƙasar Suwidin. A Afirka ta Kudu Ajantina da Girka suka doke Najeriya, ta yi 2-2 da Koriya ta Kudu. Aka sake dawowa da maki ɗaya, a ƙasan rukuni.

Shekarunsa na ƙarshe

A 2013 aka naɗa shi daraktan fasaha na hukumar. A watan Oktoban 2014 aka sanar da shi a matsayin kocin riƙon ƙwarya a madadin Keshi, amma cikin makonni biyu aka mayar da Keshi kan aikinsa, kafin Amodu ya jagoranci ko wasa ɗaya.

Keshi ma ya ɗanɗana irin abin da Amodu ya ɗanɗana, domin shi ya samar wa Togo gurbi a gasar duniya ta 2006, aka kuma sallame shi kafin gasar. Shi ne daga bisani ya karya wannan al'ada a Najeriya: ya ci kofin Afirka a 2013, ya samo gurbin gasar duniya ta 2014, ya kuma jagoranci tawagar a Brazil har zagaye na biyu.

Amodu ya rasu a birnin Benin a watan Yunin 2016, yana da shekara 58, kwana uku bayan rasuwar Keshi a wannan birni. A lokacin shi ne daraktan fasaha na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. An yi masa sutura kamar yadda addinin Musulunci ya tanada, aka binne shi a garinsu Okpella.

Har yanzu sunansa na fitowa duk lokacin da aka tada muhawarar ko ɗan ƙasa ya dace a ba Super Eagles ko baƙo. Masu kare kociyoyin gida kan kafa hujja da cewa sau biyu ana kiran Amodu ya fitar da kitse daga wuta, sau biyu kuma ana ba wani ya je gasar, kuma ba a taɓa samun damar ganin abin da shi kansa zai iya yi a can ba.