Wa Zai Biya Kuɗin Ceton Takardun Zango?



A daminar da ta wuce, wasu samari biyu suka shigo zauren maigidana ɗauke da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe. Ta kakansu ce, wani malami da ya yi zamani a Aboabo, Allah ya jiƙansa. Ruwa ya shiga ɗakin da aka ajiye ta, ya kwana a ciki. Da muka buɗe, sai muka tarar da rabin takardun sun manne da juna kamar tuwon da ya kwana, tawada ta narke ta bi jikin warƙa. A cikin waɗanda suka tsira akwai wasiƙun ajami, da ijazar karatu mai jerin sunayen malamai, da wani ɗan littafin bashi na fataucin goro. Maigida ya daɗe yana juya su a hannu, sannan ya dube ni ya ce, “Malam, irin wannan aikin wa ke biyan kuɗinsa?” Tambayar nan ce ta sa na koma na bi tarihin yadda aka taɓa ceton kayan tarihin Musulmin ƙasar nan, da kuma aljihun da kuɗin suka fito.

Abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne, tarin takardun Musulmin Kumasi mafi tsufa da aka sani ba a Kumasi yake ba. Yana Kopenhagen, babban birnin Denmak, a Laburaren Sarki. Tun zamanin Sarkin Tonawa Osei Bonsu akwai malamai a fadar Kumasi masu rubuta wasiƙu da layu, kuma Turawan Ingila biyu, Bowdich da ya zo a 1817 da Dupuis da ya zo a 1820, duk sun gan su sun ba da labarinsu. Galibinsu mutanen Gwanja ne da Dagwamba da Wangarawa, domin a lokacin cincirindon Hausawa bai iso ba tukuna. A 1826, zamanin Osei Yaw Akoto, rundunar Tonawa ta sha kashi a yaƙin Katamanso kusa da Dodowa. Cikin ganimar da aka kwasa har da ƙunshin takardun Larabci kimanin warƙa 900, wanda ya faɗa hannun Turawan Denmak mazauna gidan ƙarfi na Osu, daga nan suka tsallaka teku da shi. A ciki akwai addu'o'i da hatimai, da wasiƙun da Musulmin Kumasi suka yi musaya da 'yan uwansu na arewa. Sai a shekarun 1960 masani Nehemia Levtzion ya yi nazarinsu ya fito da darajarsu. Takardun da suka rage a gida kuwa, a 1874 Wolseley ya cinna wa Kumasi wuta, sauran kuma gara da damina suka raba. Ba na yabon ganima, amma gaskiya ɗaya ce: abin da aka ƙwace ya samu ɗaki busasshe da ma'aikaci mai albashi har kusan shekara 200, abin da aka bar mana bai samu ba.

Zangon da muka sani ya kafu ne bayan 1896, da aka kama Prempeh na Farko, musamman bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sa'ad da fatake da malamai da tsofaffin sojoji suka yi ta kwararowa. Kafin nan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya riga ya watsa malaman garin zuwa wurare dabam-dabam. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi har Allah ya karɓi ransa a 1934. Wani ɓangare na rubutunsa na Hausa ya tsira ne saboda wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, da ya yi karatu a wurinsa ya kuma tafi da abin da ya rubuta masa. Tsohon garin Kete Karachi kansa yanzu yana ƙarƙashin tafkin Volta, tun da aka datse kogin a Akosombo.

Karo na farko da aka ɗebi kuɗin hukuma aka zuba a wannan aiki da gangan shi ne zamanin Kwame Nkrumah. An kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Legon a 1961. Thomas Hodgkin da Ivor Wilks suka jagoranci tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, amma wanda ya san ƙofar kowane zaure, ya san yadda ake durƙusa wa malami a roƙe shi aron littafi, shi ne Alhaji Usman Boyo. Hanyarsu mai sauƙi ce: a ari littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Da haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce da har yau masu bincike ke komawa gare su. Bayan juyin mulkin 1966 aikin ya yi sanyi. Shekara uku bayan haka, a Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi. Dattawanmu da suka ga wannan rana sun san abin da mutum ke ɗauka idan aka ba shi mako biyu: tabarma da tukunya da 'ya'ya. Adaka mai nauyi sai a bar ta amana a hannun maƙwabci, kuma ba kowace amana ce aka dawo aka karɓa ba.

Daga nan kuɗin irin wannan aiki suka koma fitowa daga gidauniyoyin waje, kuma misalin da ya fi kusa da mu shi ne masallacin Larabanga. A shekarun 1970 an yi masa gyara da kyakkyawar niyya, aka shafe bangon ƙasa da siminti. Simintin ya hana bango numfashi, laima ta taru a ciki, gara ta cinye itatuwan da ke riƙe da ginin. A 2002 ƙungiyar World Monuments Fund ta birnin New York ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, kuma a shekarar ce wata guguwa ta rushe mihrabi da hasumiya. Kamfanin American Express ya ba da dala 50,000. Hukumar gidajen tarihi ta Ghana da ƙwararrun ginin ƙasa na CRATerre daga Faransa suka haɗa hannu da maginan garin, aka ɓamɓare simintin, aka mayar da yaɓen ƙasa kamar yadda kakanni suka saba. A lura da abin da kuɗin suka yi: yawancin aikin warware gyaran baya ne, da koya wa magina abin da iyayensu suka sani aka bari. Kuma tallafin na lokaci ɗaya ne. Yaɓen da ake sabuntawa bayan damina yana nan a wuyan mutanen gari, babu wata gidauniya da ta ɗauke musu shi.

Wannan ya kamata ya shige mana kunne, mu da muke ɗaukar rushe tsohon masallaci mu kafa sabo mai tayil a matsayin ci gaba. Masu ba da tallafin tarihi ba sa biyan sabon gini. Abin da suke biya shi ne a tsare tsohon abu a kan kamanninsa.

Ga takardu kuwa, ƙofar da ta fi dacewa da irin adakar da aka kawo mana ita ce shirin Laburaren Birtaniya na ceton takardun da ke gab da salwanta, wanda aka fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia. Shirin ya yi aiki a ma'ajiyar takardun gwamnati ta Tamale, ya kuma yi shekaru yana ɗaukar hoton littattafan iyalai a Jenne ta ƙasar Mali. Sharuɗɗansa sun bambanta da na zamanin ganima. Asalin takarda ba ya barin ƙasarsa. Hoto ake ɗauka, a bar kwafi a wata cibiya ta cikin gida, a aika wani London. Akan fara da ƙaramin tallafi na bincike da ƙidaya, in an ga akwai abin yi sai a nemi babba. Amma akwai sharaɗin da dole a faɗa wa dattawa shi tun farko ba tare da kwana-kwana ba: abin da aka ɗauka ana sa shi a intanet, kowa ya gani kyauta. Ga littafin fiƙihu ko waƙar wa'azi ko wasiƙar fatauci, wannan alheri ne. Amma kundin malami ba duka ne na bainar jama'a ba. Akwai laƙani da aka ba shi bisa amana, akwai takardar rabon gado da za ta iya tayar da rigimar da ta kwanta, akwai sunayen waɗanda aka mallaka a da, alhali jikokinsu suna nan muna sahu ɗaya da su a masallaci. A ganina, iyali su ke da ikon ware abin da za a ɗauka da wanda za a bari, kuma a yi wannan tankaɗe kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya. Wanda ya ce ko dai duka ko babu, a sallame shi da mutunci.

Akan yawaita ambaton Tumbutu, yadda a 2012 da 2013 aka kwashe dubban littattafai a ɓoye zuwa Bamako ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, da taimakon gidauniyoyi irin su Ford da Prince Claus. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, iyalan da ke da littattafan sun riga sun haɗu a ƙungiya mai rajista shekaru da dama kafin fitina ta zo. Da ranar buƙata ta yi, akwai suna da asusu da mutumin da masu kuɗi suka sani. Nan ne raunin namu yake. Na taɓa rubuta wa wata gidauniya takarda da sunan maigida, na ƙawata ta da tarihin zango tun daga Salaga. Amsar da ta dawo gajeriya ce: ina takardar rajistar ƙungiyarku, ina asusun banki mai masu sa hannu fiye da ɗaya, ina jerin abin da kuke son a ceta, warƙa nawa ne, a hannun wa suke, kuma sun yarda? Ko ɗaya ba mu da ita. Na ji haushi a lokacin, daga baya na gane ko ni aka ba wa amanar kuɗin wani, tambayoyin da zan yi ke nan.

Ba kuma daga waje kaɗai za a sa ido ba. Maƙwabtanmu sun nuna hanya: gidan da aka gina wa Prempeh a 1925 shi aka mayar gidan tarihin Manhyia a 1995, kuma da yake akwai inda za a ajiye, a 2024 kayan zinariyar da aka kwasa a ƙarni na 19 suka dawo, wasu kyauta daga Amurka, wasu aro daga gidajen tarihin London. A namu ɓangaren akwai Asusun Raya Zango da dokar 2017 ta kafa, akwai majalisar Asokore Mampong da aka yanka mana tun 2012, akwai kuma attajiranmu. Gyaran babban masallacin Kumasi da aka buɗe a 2023 ya nuna cewa idan abu ya shiga ran mutane, kuɗi na fitowa. Sai dai har yanzu mai hannu da shuni bai saba jin cewa ɗaki ɗaya busasshe, da kabad na ƙarfe, da albashin ɗalibi mai iya karanta warash da ajami, su ma waƙafi ne ba, ko da yake ilmi mai amfani yana cikin abubuwa ukun da ladansu ba ya yankewa.

Aikin farko ba ya bukatar dala ko ɗaya. Littafi ne mai layi da alƙalami: sunan gida, abin da ke cikin adaka, yawan warƙa, halin da take ciki, da ko magada sun yarda a gani. Mun fara da ta samarin nan biyu. Mun shimfiɗa warƙoƙin da suka tsira a inuwa, ba a rana ba, muka sa farar takarda tsakanin kowace biyu. Waɗanda suka manne mun bar su yadda suke, ba mu yi gangancin ɓanɓarewa ba, har sai an sami wanda ya san aikin. Duk wanda ke da irin wannan adaka a Aboabo ko Sawaba ko Asawase ko Akwatia Line, don Allah ya fara ɗaga ta daga ƙasa ya ɗora a kan benci kafin ruwan bana ya sauka.