Yadda Kantuna Suka Tashi a Wajen Birnin Kano

Wanda duk ya taso ya ga benayen da ke tsakanin Fagge da tashar jirgin ƙasa sai ya zaci haka nan suke tun fil azal. Alhali kuwa a zamanin kakanninmu mafi yawan wurin nan fili ne da gonaki da kududdufai. Fagge kanta zango ce, inda Buzaye ke sauke raƙumansu in sun zo daga Azbin da gishiri.

Ciniki a lokacin nan cikin birni ya ke, a kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma attajirin da ba ya gina kanti. Rumfar kasuwa ta ƙananan 'yan kasuwa ce. Babban ciniki a gida a ke yinsa: baƙo ya sauka wurin mai masaukinsa, a zuba kayansa a ɗaki, dillali ya kawo mai saye, a ƙulla magana a zaure. Larabawan Gadamus da na Turabulus ma haka suka zauna cikin birni. Ba wanda ya ke gina ɗaki don ya ba wani haya ya sa haja, balle ya mai da wannan sana'a.

Turawa sun ci Kano a 1903, amma ba cin garin ya kawo kantuna ba, jirgin ƙasa ya kawo su. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, zamanin Sarki Abbas. Abin mamaki, waɗanda suka matsa a yi dogon auduga suka sa wa rai, don masaƙun Ingila. Talakan Kano kuwa ya yi nasa lissafi, ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ba a saye ba ya ci abarsa, ya ba dabba harawa. Sai gyaɗa ta yi ta kwararowa har jirgin ya kāsa kwashewa, buhuna suka taru a bakin tasha.

To, nan ne kamfanoni suka yi rububin fuloti. Da Kamfanin Neja, da John Holt wanda mutane ke kira Janhol, da G. B. Ollivant, da kamfanonin Faransa, kowa na so ya sami wuri kusa da dogo, don kada kuɗin dako ya cinye ribarsa. Ba a yarda su zauna cikin ganuwa ba, saboda haka duk ginin ya faɗa waje. Kwarori, watau mutanen Sham da Lubnan, aka ba su wuri ta wajen Fagge. Ma'aikata da akawuna da masu sana'a na Kudu kuma aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913.

A nan akwai wata magana da ya kamata mai karatu ya gane, domin ita ce gindin al'amarin duka. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duk a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana saboda 'yan ƙasa. Baƙo ba ya sayen fili ya zama nasa har abada. Takarda a ke ba shi ta zama na shekaru kaza, yana biyan kuɗin ƙasa kowace shekara, da sharaɗin ya yi gini. Ka ga ke nan, mai zuba kuɗinsa a bango ba da kasuwa kaɗai ya dogara ba, ya dogara da alkawarin hukuma. In takardar ta yi ƙarfi, ya gina da dutse da siminti. In yana shakka, ya kafa rumfar kwano wadda zai iya kwancewa cikin yini guda. Ginin farko na kamfanonin nan ma galibi na ƙasa ne da rufin kwano, kanti a gaba, sito a baya, sikeli a baranda. Sai da suka ga gyaɗar nan ba ta shekara ɗaya ba ce sa'an nan suka saki jiki.

Sakin jikin ma bai ɗore ba kullum. An yi yunwa mai tsanani a 1914, ga kuma yaƙin duniya ya tsare jiragen ruwa. Da aka gama yaƙi farashi ya hau, kowa ya kama gini, sai kuma ya faɗo a 1920 da 1921. Wanda ya fi wannan muni shi ne karyewar kasuwar duniya da ta soma a 1929. A wannan shekara ne Kamfanin Neja ya haɗu da babban abokin gasarsa suka zama U.A.C. In kamfani biyu sun zama ɗaya, ai kanti biyu a kan titi ɗaya sun yi yawa, sai a rufe guda. Magina da kafintoci suka rasa aiki, ƙananan kamfanoni suka tattara. Abin lura kuwa, a cikin wannan matsi ne En'e ta Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta buɗe aikin famfo da lantarki a 1931. Da kasuwa ta farfaɗo, ruwan nan da wutar nan su suka sa Kano ta sha gaban sauran garuruwan Arewa wajen jawo mai gini.

Ina 'yan ƙasa a cikin wannan? Da fari su ne masu sayo gyaɗa a ƙauyuka da kuɗin kamfani. Wanda ya yi fice shi ne Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya soma da fataucin goro a Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Amma attajiran wancan zamani sun fi sa kuɗinsu a haja da bashi ga yaransu. A ganinsu kuɗin da ya shiga bango ya kwanta, ba ya juyawa. Sai a hankali aka gane bango ma yana haihuwa, in akwai mai haya.

Bayan yaƙin Hitila abin ya yi kyau ƙwarai. Aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, tana yanke farashi tun kafin kaka, saboda haka ɗan kasuwa ya san abin da zai samu. Dalar gyaɗa ta tashi, aka buɗe Bompai don masana'antu, benaye suka yawaita a Fagge da Sabon Gari. Rikicin 1966 ya tsai da wannan cik. Mutanen Gabas suka bar gidaje da kantuna, aka kashe da yawa, wanda ya tsira bai ɗauki bango a kai ba. Ba mai aza bulo a garin da maƙwabcinsa ya gudu jiya. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, da yawa cikin waɗanda suka komo sun sami gidajensu, kuma a ganina wannan ya yi wa Kano amfanin da kuɗi ba ya saya.

Daga nan gyaɗa ta mutu, fari na 1973 da cutar 1975 suka gama da ita, amma kuɗin man fetur ya maye gurbinta. Dokar 1972 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan ciniki, Kwarori da yawa suka koma masana'antu, Kantin Kwari ya dawo hannun Hausawa, ya zama babbar kasuwar tufafi wadda a ke zuwa tun daga Nijar da Chadi da Kamaru. Dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Masaƙu sun durƙushe bayan karyewar naira daga 1986, amma gina shaguna bai tsaya ba, har aka riƙa cusa su a kan hanyoyi da magudanan ruwa.

An buɗe katafaren rukunin kantuna na Ado Bayero a 2014, shekara biyu bayan harin da aka kai Kano a Janairun 2012, amma Shoprite da ke cikinsa ya rufe a farkon 2024. A Yunin 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da ginin da aka yi a wurin otal ɗin Daula, ta ce filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka ce da izinin gwamnatin da ta shuɗe suka gina, suka kai ƙara, babbar kotun tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30.