Tiyatar Maze da Rikicin Bugun Zuciya da Kan Biyo Bayanta

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi wanda shi ne madugu, domin daga gare shi ne lantarkin da ke sa zuciya bugawa yake tasowa. Idan lantarkin nan ya rikice ya shiga kewaye barkatai, sai ɗakunan sama su daina matsewa, su riƙa makyarkyata kurum. Jinin da ya kwanta a ciki kuwa yakan daskare, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ran 25 ga Satumba, 1987, a asibitin Barnes na birnin St. Louis a Amurka, Dokta James Cox ya fara wata tiyata da aka laƙaba wa suna Maze. Dabararsa ita ce ya yanyanka bangon ɗakunan sama, sa'an nan ya ɗinke, saboda lantarki ba ya ratsa tabo. Da haka ya toshe hanyoyin kewaye, ya bar wa lantarkin lungu guda da zai bi.

Makyarkyatar ta tsaya, amma wata matsala ta ɓullo. Yankan ya bi ta kusa da madugun, har zuciyar waɗansu majiyyata ta kasa ƙara sauri idan suna aikin ƙarfi. Sau biyu Cox ya sake tsarin yankan, kuma na ukun, na shekarar 1992, shi ne ya karɓu.

A 2002, Dokta Ralph Damiano, shi ma a St. Louis, ya maye gurbin yawancin yankan da ƙuna da kuma daskararwa. Aikin ya yi sauƙi, sai dai layin ƙuna yakan bar 'yar kafa. Lantarki in ya sami kafar nan, sai ya riƙa zagaye tabon, zuciya ta kama sabon gudu wanda kan bukaci a koma a toshe wurin. Har ila yau, akwai waɗanda bugunsu ke yin sanyi, sai an dasa musu na'urar daidaita bugu.

Saboda haka ne likitoci ba sa yanke hukunci kan nasarar aikin sai an wuce watanni uku na farko, kuma sukan ci gaba da auna zuciyar majiyyaci shekara da shekaru.